Kafin Ka Sayar Da Laftof Ɗinka Saboda Furoksi Na Sarƙewa, Tsaya Ka Ji



Yau faɗa zan yi, kuma da wata amsa guda ɗaya zan yi shi, don ta ishe ni. Duk ranar da wani ya kawo kuka ya ce, "Malam, na yi furoksi amma har yanzu bidiyona yana sarƙewa in ina editin," kafin ka ce kwabo mutum biyar sun ba shi magani iri ɗaya: "Kwamfutarka ce ƙarama, ka canja." Ba wanda ya tambaye shi da me ya ɗauki bidiyon. Ba wanda ya tambayi irin furoksin da ya yi, ko inda ya ajiye shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Mai ba da wannan shawara ko sisi ba ya kashewa. Kai da ka karɓa kai ne za ka biya. Kwanakin baya wani ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ya zo mini kamar zai yi kuka. Ya sayar da laftof ɗinsa, ya ciwo bashi ya cika, ya sayo wani na hannu mai ɗauke da tambarin Core i7. Ya buɗe aikin da dangin amarya ke ta kiransa a kai, bidiyo ya ci gaba da ɗingishi kamar jiya. Na zauna a gaban na'urar ko minti goma ban yi ba na gano cewa furoksin yana nan an yi shi, amma ba a kunna shi ba. Tun farko manhajar ainihin bidiyon 4K take ja. Bashin nan har yanzu yana biya.

To kafin kai ma ka faɗa wannan rami, bari mu bi abin daki-daki.

Mene ne furoksi?

Furoksi ƙaramin kwafi ne na bidiyonka, mara nauyi, wanda manhajar editin ke nuna maka lokacin da kake yanka da jerawa. In ka zo fitar da aiki, sai ta koma kan ainihin bidiyon mai kyau. Kamar tela ne da zai fara gwada sabon ɗinki a yadi mai araha kafin ya sa almakashi a shadda.

Dubi lissafin da kanka. Hoto ɗaya na 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Na 1080p yana da miliyan 2 da 'yan kai. Na 720p bai kai miliyan ɗaya ba. Ke nan in ka yi furoksin 720p daga 4K, ka rage wa kwamfuta ɗigon da za ta zana har ninki tara. In an rage mata kaya haka kuma ta ci gaba da nishi, ai ka san ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, kuma yawanci yana cikin waɗannan shida.

1. Ka yi furoksi, amma ba ka kunna shi ba

Kada ka yi dariya, wannan ne ya fi kama mutane. A Premiere Pro, yin furoksi daban, amfani da shi daban. Akwai maɓalli mai suna Toggle Proxies, kuma sau da yawa ba ya fitowa da kansa. Ka duba ƙasan allon da kake kallon bidiyo, gefen dama, za ka ga alamar +. Ka danna, ka jawo maɓallin ka ajiye shi cikin sauran. In ya zama shuɗi, furoksi na aiki. In bai zama ba, ainihin bidiyon kake ja, duk awannin da ka zauna jiran Media Encoder sun tafi a banza.

A DaVinci Resolve ka shiga Playback, ka je Proxy Handling, ka zaɓi Prefer Proxies. A CapCut na kwamfuta ka shiga Settings, ka duba ƙarƙashin Performance, a nan zaɓin Proxy yake.

Sannan in ka canja wa fayilolin furoksi wuri, ko ka sake wa folda suna, ko ka cire faifan da suke ciki, manhaja za ta iya komawa kan ainihin bidiyon shiru, ba sallama. Ka tabbatar har yanzu tana ganinsu.

2. Furoksin ƙarami ne a ido, amma mai wuyar buɗewa ne

Nan ne masu "canja kwamfuta" suke yin shiru, don yawancinsu ba su taɓa jin zancen ba. Girman fayil daban, wahalar buɗe shi daban.

Wayarka tana ajiye bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, wanda ake kira HEVC. Dabarar waɗannan tsare-tsare ita ce ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Sukan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan hotunan da ke biye sai a rubuta abin da ya canja kaɗai. Shi ya sa fayil ɗin ba ya cin wuri, kuma yake da daɗin turawa. Amma in kana editin, ka yi tsalle zuwa tsakiyar bidiyo, dole kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken hoton, ta yi ta lissafi har ta iso inda ka tsaya. Ka ja baya, ta sake. Ka yanka gida ashirin, ta yi wannan aikin sau ashirin.

Akwai wasu tsare-tsaren da aka yi su don editin: ProRes na kamfanin Apple, da DNxHR na kamfanin Avid. Su kowane hoto cikakke ne, a tsaye yake da ƙafarsa. Fayil ɗin ya fi girma, amma kwamfuta ba ta wahala wajen buɗe shi.

To kai ka yi furoksi, ka zaɓi H.264 don ka ga ya fi ƙanƙanta, wani ma H.265 yake zaɓa, sannan ka zo kana cewa furoksi ƙarya ne. Haba! A sabuwar kwamfuta H.264 ɗin kan wuce lafiya, ban musa ba. A tsohuwa kuwa ka rage ɗigo ne ka bar mata lissafin.

Gyaran ba wuya. A Premiere, ka danna dama a kan bidiyoyin, Proxy, Create Proxies, ka zaɓi QuickTime da ProRes mafi ƙanƙanta. A Resolve ka shiga Project Settings, Master Settings, ka sa tsarin furoksi ya zama DNxHR LB ko ProRes Proxy, girman kuma rabi ko kwata, sannan ka sake Generate Proxy Media. Sai dai ka tanadi wuri, don ProRes Proxy a 1080p yana cin kusan gigabayit 20 a kowace awa ta bidiyo. In ka sauko 720p zai ragu sosai. Da ka gama aiki ka goge su, ainihin bidiyonka na nan.

3. Bidiyon waya ba ya tafiya da taki ɗaya

Kyamarar aiki in an ce mata hoto 30 a daƙiƙa, 30 ɗin take bayarwa daga farko har ƙarshe. Waya ba haka take ba. In haske ya ragu ko ta ɗau zafi, takan rage yawan hotunan, in ta samu sarari ta ƙara. Haka ma bidiyon da aka naɗo daga fuskar waya. Wajen kallo ba za ka lura ba. Amma manhajojin editin na kwamfuta sun fi son taki ɗaya, shi ya sa za ka ga hoto na tsalle, ko baki na motsi murya na zuwa daga baya. Furoksin da aka ciro daga irin wannan bidiyo yakan gaji ciwon uwarsa.

Ka sauke MediaInfo, kyauta ce. Ka buɗe bidiyon da ita, ka duba layin Frame rate mode. In ka ga Variable, ka kama ɓarawon. Sai ka sauke HandBrake, ita ma kyauta ce, ka sa bidiyon, ka shiga ɓangaren Video, ka zaɓi 30 ko adadin da ka ɗauka da shi, ka danna Constant Framerate, ka bar inganci a sama. Wanda ya fito shi za ka kai cikin manhajar editin, daga shi za ka yi furoksi. Da ka sayi laftof mafi tsada a kasuwa, wannan matsalar za ta bi ka can, don a jikin bidiyon take.

4. Inda ka ajiye furoksin

Na sha ganin mai editin da bidiyonsa, da furoksinsa, da wakokinsa duk suna cikin filashi ɗaya mai arha da ya soka a gefen laftof. Ko kuma suna cikin tsohon faifan HDD guda ɗaya da Windows ke kai, wanda ya cika maƙil har layinsa ya yi ja.

HDD faifai ne mai juyawa, da ɗan hannu mai karantawa. In ka jera guntaye da yawa daga fayiloli daban-daban, hannun nan sai ya yi ta zarya daga nan zuwa can, kai kuma kana ganin tsaiko a allo. SSD ba shi da abin da ke juyawa. Ko mai sauƙin kuɗi irin na SATA yana karanta wajen megabayit 500 a daƙiƙa, HDD na laftof kuwa wajen 100 yake yi, in ma a jere yake karatun. Kan USB ma akwai magana: USB 2.0 a takarda megabit 480 yake ɗauka a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, fiye da ninki goma. Yawanci ramin USB 3.0 shuɗi ne a ciki. Faifai mai kyau a ramin da bai dace ba, ko da waya mara kyau, asara ce.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Ka kunna bidiyon a manhajar editin kana kallon alƙaluman. In Disk ne ya kai 100, faifai ne matsalarka. In Memory ce ta cika, RAM ne. In CPU ne, ka koma lamba ta 2 da ta 5. Minti biyu wannan gwajin yake ci. Wanda ya ce ka canja kwamfuta bai sa ka yi shi ba, wallahi canki-canka yake yi da kuɗinka.

5. Kwalliyar da ka lafta wa bidiyon

Furoksi bidiyo yake sauƙaƙawa. Ba ya sauke maka nauyin abin da ka ɗora a kai. Ka sa mai rage ƙurar hoto, ka sa Warp Stabilizer don hannu ya yi rawa, ka cire bango, ka gyara fata, ka jera launi hawa uku, ka kawo rubutu mai shawagi, ka ƙara da hotunan ango da amarya masu ɗigo miliyan 48 ko 50 kai tsaye daga waya, sannan ka ce furoksi ba ya aiki. Ina ruwan furoksi da wannan lodi?

Ka kashe kwalliyar duka ka sake kunna bidiyon. A Premiere akwai Global FX Mute cikin wannan alamar + ɗin da muka ambata. In bidiyo ya tafi sumul, ka san mai laifin. Tsarin aiki shi ne ka gama yanka da jerawa tukuna, kwalliya ta zo ƙarshe. Wurin da ya yi nauyi ka yi masa Render In to Out a Premiere, ko ka sa Render Cache a kan Smart a Resolve. Ka sauke ingancin kallo zuwa 1/2 ko 1/4, wannan bai taɓa abin da za ka fitar ba. Hotuna kuma ka rage girmansu kafin ka shigo da su.

6. Zafi da rashin wuta

Wannan namu ne, masu koyarwa a YouTube daga ƙasashen sanyi ba kasafai suke kawo shi ba. Furosesa in ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka zauna a ɗaki a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura 40, laftof yana kan katifa, ƙurar hunturun bara ta toshe fankarsa. Minti goma na farko lafiya lau, daga nan sai ɗingishi. In haka naka yake yi, zafi ne. Ka ɗaga shi daga kan katifa, ka sa a buɗe a share fanka a canja man da ke kan furosesa.

Sannan in an ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, yawancinsu rage ƙarfi suke yi don cajin ya daɗe. Bidiyon da ya tafi daidai da safe da wuta, da rana ya ƙi. Ka jona caja, ka sa Power mode a kan Best performance, ka sake gwadawa kafin ka zargi kowa.

Kai kuma mai editin a waya

Na san da yawanku a waya kuke komai, da CapCut ko KineMaster ko InShot ko VN. Yawancin manhajojin waya ba su ba ka maɓallin furoksi irin na kwamfuta ba, don haka naka gyaran tun wajen ɗauka yake farawa. Nan ma ina da faɗa.

Me ya kai ka ɗaukar 4K a hoto 60, alhali bidiyon a status na WhatsApp zai ƙare, inda za a matse shi har ya fita hayyacinsa? 4K a 60 ya ninka 1080p a 30 sau takwas wajen yawan ɗigon da waya za ta sarrafa a kowace daƙiƙa. Ka ɗora wa wayarka kaya ninki takwas don kawai a ce da 4K ka ɗauka, wanda zai kalla kuma a ƙaramin allo yake kallo, da datar da yake lallaɓawa. In ba wanda ya ba ka aiki ne ya nemi 4K ba, ko kana son ka zuƙo hoton daga baya, 1080p a 30 ya ishe ka. Haske mai kyau da sauti mai kyau sun fi 4K fito da aiki.

Mai iPhone, ka shiga Settings, Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible, zai koma ɗauka da H.264. Ka shiga Record Video ka kashe HDR Video, wanda ya zo tun daga iPhone 12, in dai ka san a tsohuwar kwamfuta za a yi editin. Mai Android, ka duba saitin kyamara, in akwai zaɓin HEVC ko High efficiency a kunne, ka kashe. Ka bar wa waya sarari a ma'ajiya, ka rufe sauran manhajoji, ka kashe Battery saver, ka cire mata riga in ta yi zafi, kuma ka daina editin tana jone da caji a tsakar rana.

To, ba a taɓa canja kwamfuta ke nan?

Ana canjawa. Ba zan yi maka ƙarya don in ci gardama ba. In RAM ɗinka gigabayit 4 ne, Premiere da Resolve na yanzu ba sa'anninka ba ne, kowane irin furoksi ka yi. Da 8 za ka lallaɓa a 1080p, da 16 za ka numfasa. Amma ka lura, ƙarin RAM da sa SSD a laftof ɗin da ke karɓa bai kama ƙafar kuɗin sayen wani ba. Ka fara da su.

In kuma sayen ya zama dole, kada tambarin Core i7 ya ruɗe ka kamar yadda ya ruɗi ƙanena. Ka karanta lambar da ke gaba. i7-4600U zubi na 4 ne. i5-8250U zubi na 8 ne, kuma ya fi wancan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Furosesan Intel sun fara buɗe HEVC da sashe na musamman a jikinsu daga zubi na 6, mai zurfin launi irin na HDR kuma daga zubi na 7. Wanda bai kai nan ba da ƙarfin tuwo yake buɗe bidiyon sabuwar waya, shi ya sa fanka ke ihu. Irin wannan laftof ɗin ma furoksin ProRes ko DNxHR shi ne gatansa, don ya raba shi da HEVC har zuwa lokacin fitar da aiki.

Abin da nake ƙi shi ne a mai da "canja kwamfuta" amsar farko, alhali ita ce ta ƙarshe. Yaron da ke tara kuɗin editin ɗin biki da na talla yana taimakon gida, ba daidai ba ne a tura shi cin bashi a kan matsalar da danna maɓalli ɗaya zai warware. In ba ka san amsa ba, ka tambaye shi abu uku: da me ka ɗauka, wane irin furoksi ka yi, me Task Manager ya nuna? In ba za ka iya ba, yin shiru ma taimako ne.

Kai kuma mai matsalar, yau da daddare in an kawo wuta ka jona caja, ka bi su a jere: ka tabbatar furoksi a kunne yake, ka duba tsarinsa, ka duba bidiyon da MediaInfo, ka mayar da fayilolin kan SSD ko faifan ciki, ka kashe kwalliya, ka taɓa ƙasan laftof ka ji zafinsa. In ka bi shidan nan bidiyo bai daina sarƙewa ba, ka rubuto mana sunan furosesanka, yawan RAM, manhajar da kake amfani da ita, da abin da Task Manager ya nuna. Sai mu duba tare mu ga ko lokacin shiga kasuwa ya yi.

Ka tura wa abokinka mai editin kafin ya kai nasa laftof ɗin kasuwa.